Mace, Ƙabila da Marasa Galihu a Bidiyon Waƙoƙin Hausa: Daga Kano zuwa Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya saba nazarin waƙar baka yakan fara da gano turke, sannan ya bi tubalan gininsa, ya duba zubi da tsari, ya ƙare da salo da sarrafa harshe. Wannan hanya ta wadatar muddin waƙa ta kunne kaɗai take shiga. To amma tun daga ƙarshen shekarun 1990 waƙar Hausa ta zamani ta zama abin kallo, kuma hoto yakan faɗi abin da baiti bai faɗa ba. Shi ne ke nuna wanda aka tsayar a tsakiyar fage da wanda aka bari a gefe, da irin tufar da aka sa wa kowa, da wanda aka shigo da shi don a yi dariya.

Wannan takarda za ta duba yadda bidiyon waƙoƙin Hausa ke siffanta mace da wanda ba Bahaushe ba da kuma marasa galihu. Abin da take son tabbatarwa shi ne, an daɗe ana sa ido a kan jikin mace saboda an ɗora mata nauyin kare mutuncin Hausawa, alhali kuwa rainin da ake yi wa sauran ƙabilu yana wucewa ba tare da an tanka ba, kuma tushen abubuwan biyu ɗaya ne. Za a auna wannan magana da idon mai kallo na arewacin Kamaru, inda waƙoƙin ke isa ga mutanen da akasarinsu ba Hausawa ba ne.

2.0 Yadda waƙa ta zama abin kallo

Bidiyon waƙar Hausa a cikin fim aka haife shi. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma kafin shekaru goma su cika rawa da waƙa sun zama ginshiƙin kasuwar fim, musamman bayan karɓuwar da Sangaya ya samu a 1999. Larkin (2008) da Abdalla Uba Adamu (2007) sun nuna cewa daga finafinan Indiya aka aro tsarin, wato saurayi da budurwa suna amsa wa juna a lambu ko bakin ruwa, ana sauya tufafi daga baiti zuwa baiti, kiɗan kuwa na fiyano ne ƙirar Yamaha. Daga baya waƙa ta ɓalle daga fim ta tsaya da ƙafarta, da farko a faifan bidiyo, sannan a wayar hannu ta hanyar masu tura waƙa a kasuwa. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta ware mata shiri na musamman mai suna Zafafa Goma, sai kuma YouTube da TikTok suka ƙarasa rushe iyakar ƙasa.

Hall (1997) ya yi bayanin cewa hoto ba ya tsayawa ga kwaikwayon abin da ke akwai, yana ƙera ma'ana ne, kuma hanya mafi sauƙi ta ƙasƙantar da jama'a ita ce a tattara su duka a cikin siffa ɗaya ko biyu, a yi ta maimaitawa har ta zama kamar halitta. Da wannan ma'auni za a duba misalan da ke tafe.

3.0 Mace a matsayin tutar Hausanci

An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000. Tun daga lokacin, mafi yawan ƙorafin da ake yi a kan bidiyon waƙa bai wuce abu uku ba: shigar mace, da rawarta, da kusancinta da namiji. Misalai biyu sun isa.

A watan Satumba na 2007 wata kotu a Kano ta yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗaurin wata uku da tarar naira 100,000 saboda fitar da kundin bidiyon waƙoƙi mai suna Bahaushiya ba tare da amincewar hukumar ba, tare da zargin cewa rawa da shigar matan ciki sun saɓa wa tarbiyya. Namiji aka ɗaure, amma jikin mata ne abin da aka yi shari'a a kansa, kuma sunan kundin ya ƙara wa wutar mai, domin ya liƙa wa matan da ke rawa sunan ƙabila baki ɗaya. A watan Oktoba na 2016 kuma ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda ta fito a bidiyon waƙar "I Love You" ta mawaƙi ClassiQ mazaunin Jos. A bidiyon ta fito ne a matsayin mai sayar da kayan lambu a kasuwa, kuma abin da ya jawo korar shi ne riƙe hannu da runguma. Mutum biyu suka yi abin, amma a kan macen hukuncin ya sauka, ko da yake an janye shi daga baya.

Abin lura shi ne kalmomin da masu suka ke amfani da su. Ba su cika cewa wance ta yi kuskure ba, sai dai su ce 'yar Hausawa ba ta yin haka, ko kuma su ce ai waɗannan 'yan fim ba Hausawan asali ba ne. Ke nan da zarar mace ta ƙetare iyaka, sai a cire ta daga ƙabila a miƙa wa baƙi laifin. A nan ne zancen jinsi da zancen ƙabila suka haɗu.

Mulvey (1975) ta yi iƙirarin cewa kyamarar fim da idon namiji take kallo. A bidiyon Hausa al'amarin ya ɗara haka, domin sau da yawa macen da ake gani haɗin gambiza ce: kalmomin na marubuci namiji ne, muryar ta mawaƙiyar sutudiyo ce irin su Fati Nijar ko Maryam Fantimoti, jikin kuma na 'yar wasa ce mai motsa baki. Idan aka kwatanta da amadar Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, za a ga bambanci. Ita mace ce mai waƙa da bakinta, a gaban mata, kan sana'a da kishi da haihuwa. Wani ɓangare na wannan iko ya dawo hannun mata a 2020, lokacin da matan aure suka riƙa ɗaukar kansu da waya suna taka rawar waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker a gaban mazajensu. Surutun da ya biyo baya ya nuna cewa har yanzu jikin mace ne filin daga.

4.0 Ƙabila: tufa da karin harshe

Wanda ba Bahaushe ba yakan shigo bidiyon waƙa ta ɗayan ƙofa biyu, ko ado ko dariya. Bafulatani yana shigowa ta ƙofar ado: malafa, da sanda a kafaɗa, da ƙwaryar nono, da shanu a bayan fage. Kyakkyawar siffa ce a ido, amma ta daskarar da shi a ruga, kamar babu Bafulatani malami ko ɗan kasuwa ko direba. Bagware da Ibo kuwa ta ƙofar dariya suke shigowa, kamar yadda aka saba gani a finafinai da waƙoƙin barkwanci na zamanin Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, inda 'yan wasa irin su Ɗan Gwari da Baban Chinedu suka yi suna da kwaikwayon Hausar baƙi.

Ɗalibin harshe ya kamata ya tsaya a kan yadda ake ƙera wannan dariya. Ana sauya baƙaƙe masu lanƙwasa da 'yan'uwansu marasa lanƙwasa, wato /ƙ/ ta koma /k/, /ɗ/ ta koma /d/, /ɓ/ ta koma /b/, /ts/ kuma ta koma /s/. Ana rikita jinsi, a ce wa mace "ya zo". Ana kuma baje karin sauti. Waɗannan siffofi ba na wauta ba ne. Su ne ake samu a bakin miliyoyin mutanen da suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, kuma raunin bambanta jinsi sananne ne har a wasu karuruwan Hausa na kudu da gabas da kuma Hausar zangon Gana. Harshen kansa ya riga ya ajiye wannan raini a cikin kalmominsa: "gwaranci" daga sunan Gwari aka samo shi, kalmar "ƙabila" kuma a bakin mutanen Kano takan ɗauki ma'anar duk wanda ba Bahaushe ko Bafulatani ba.

Akwai masu cewa wannan duk wasan barkwanci ne irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Kanawa da Zagezagi. Hujjar tana da ƙarfi, domin wasan ya daɗe yana kashe wutar gaba. Sai dai sharaɗinsa shi ne ramuwa: ido da ido ake yi, kowa yana da bakin mayar da martani. A bidiyo kuwa ɓangare ɗaya ne ke riƙe da kyamara, kuma Bahaushe ne ke sa kayan Bagware ya yi magana a madadinsa.

5.0 Marasa galihu

Waƙar baka ba ta manta da na ƙasa ba. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi wa karen mota waƙa, Aliyu Namangi na Zariya kuma makaho ne da ya bar Imfiraji. A bidiyon zamani, almajiri da gurgu da makaho sukan bayyana ne na ɗan lokaci, a miƙa musu sadaka don a nuna kirkin tauraro ko na ɗan siyasar da ake wa waƙa. Ɗan daudu kuma don raha ake shigo da shi, duk da cewa Gaudio (2009) ya nuna irin rawar da 'yan daudu ke takawa a sana'ar abinci da bukukuwan mata a Kano. Inda aka sami sauyi shi ne inda mai abin ya karɓi makirufo da kansa, kamar Yahaya Makaho na Kaduna, wanda ke waƙa a kan bara da shaye-shaye. A nan makanta ta tashi daga abin tausayi ta koma matsayin da ake magana daga cikinsa.

6.0 Mai kallo a Garwa da Maga

Waɗannan waƙoƙi suna isa Garwa da Marwa da Gaundare ta tauraron ɗan'adam da waya. A can Fulatanci ne harshen kasuwa, Hausa kuwa harshen unguwannin fatake ne da na nishaɗi. Yankin yana da nasa mawaƙan, irin su Ali Baba na Garwa wanda ya rasu a 2004, da Isnebo da ƙungiyarsa ta Faadah Kawtal. Yana kuma da nasa tarihin rabe-rabe. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a 1809, lamidon Fulani ne suka mallaki manyan garuruwa, sauran jama'a kuma aka tattara su a ƙarƙashin suna "Kirdi" ko "Haɓe". Abin mamaki shi ne, wannan kalma ta Kaɗo da Haɓe ita ce Fulani suka kira Hausawa da ita a ƙasar Hausa. Ashe wanda ke tsakiya a wani wuri shi ne na gefe a wani wurin.

Garin Maga yana cikin yankin Mayo-Danay na Arewa Mai Nisa, a bakin tafkin da aka tare a 1979 domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY. Ƙasar Musgum ce, masunta da manoma, waɗanda Barth ya ga yadda rundunar Borno ta kai wa hari don kamun bayi a tafiyarsa ta 1851 zuwa 1852. Matashin Musgum da ke kallon bidiyon Hausa ba zai ga masunci a matsayin tauraro ba. Musulmin arewa da zai gani mai babbar riga ne ko mai sandar kiwo. Idan kuma ya ji irin Hausar da shi ko maƙwabcinsa ke yi, to a bakin wawan wasa zai ji ta.

Ba a cewa waƙa ce ke haddasa rikici. Faɗan da ya ɓarke a 2021 tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa a yankin Logone-Birni, arewa da Maga, wanda ya kai har Kuseri ya kori dubun dubatar mutane zuwa Cadi, a kan ruwa aka yi shi: masunta sun haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanun makiyaya suna faɗawa ciki. Amma a wurin da sana'a da ƙabila suka zama abu ɗaya a idon jama'a, ɗabi'ar taƙaita mutum a cikin tufa ɗaya ba ƙaramin abu ba ce, kuma bidiyon waƙa yana daga cikin makarantun da ake koyon ta.

7.0 Kammalawa

An ga yadda hukuma da jama'a suka tsare jikin mace da ido saboda an mai da ita tutar ƙabila, da yadda aka bar kwaikwayon baƙo da na mai rauni ya wuce a matsayin raha. Duka biyun sun taso ne daga ɗauka cewa akwai Bahaushe na ainihi guda ɗaya, kowa kuma da shi ake auna shi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Al'ummar da ke jin zafin yadda finafinan kudancin Nijeriya ke nuna Bahaushe a matsayin maigadi mai karyayyen Turanci, ya dace ta duba abin da take yi wa Bagware.

Saboda haka, ɗalibin da zai nazarci bidiyon waƙa ya ƙara tambayoyi uku a kan na turke da salo. Wa ke magana da bakinsa, wa kuma ake magana a madadinsa? Wace siffa ce aka maimaita har ta zama shaidar ƙabila ko jinsi? Sannan idan aka kunna wannan bidiyo a Maga ko Kumasi ko Abuja, wa zai yi dariya, wa kuma zai yi shiru?