Danniyar Mata da Taɓin Hankali a Gajeren Labari: Tarken "The Yellow Wallpaper"

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta rubuce-rubucen matasan marubutanmu ya san yadda mace ke haukacewa a cikinsu. Kishiya ta tafi wurin boka, a binne laya a bakin ƙofa, washegari uwargida ta yar da ɗankwali ta nufi kasuwa. A babin ƙarshe a tono layar, ta warke, a yafi juna. Illar wannan zubi ita ce yana ɗauke wa marubuci aikin da ya fi wuya, wato ya nuna mana abin da zaman gidan kansa ya yi wa matar. Saboda haka a wannan fitowa muka ɗauko wani tsohon gajeren labari daga Amurka domin mu ga yadda aka riƙe wannan jigo.

Marubuciyar da Tushen Labarin

An haifi Charlotte Perkins Gilman a 1860, ta rasu a 1935. Ta yi aure a 1884, ta haifi 'ya mace a 1885, daga nan ciwon damuwa mai tsanani ya kama ta, irin wanda likitoci a yau suka san yana kama wasu masu jego. A 1887 ta je wurin Dokta Silas Weir Mitchell na birnin Filadalfiya. Hanyar jinyarsa ita ce a kwantar da mace makonni, a raba ta da danginta, a yi ta ɗura mata madara da abinci, a hana ta karatu da rubutu. Da zai sallami Gilman, ya umurce ta da ta tsaya ga hidimar gida da raino, kada aikin tunani ya wuce sa'a biyu a yini, kuma kada ta sake taɓa alƙalami. Kamar yadda ta bayyana da kanta a 1913, ta bi wannan umurni wajen wata uku har ta kusa zaucewa, sannan ta watsar da shi ta koma aikinta. Labarin ya fito a mujallar The New England Magazine a watan Janairun 1892, bayan editan Atlantic Monthly ya mayar mata da shi saboda ƙuncin da ya ce ya jefa shi ciki.

Labarin a Taƙaice

Wani likita mai suna John ya kama hayar wani tsohon gida a ƙauye na wata uku domin matarsa, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, ta huta. Ita ta so ɗakin ƙasa mai kallon furanni, shi kuwa ya zaɓar mata na saman bene, mai tagogi da sandunan ƙarfe da gadon da aka kafe a ƙasa. An manne bangon da takardar ado mai ruwan ɗorawa, mai wani irin zane maras kan gado. An hana ta rubutu da ziyara, jaririn yana hannun mai raino, gidan yana hannun 'yar'uwar mijin. Da ba ta da abin yi sai kallon bango, sai ta fara ganin wata mace a bayan zanen tana girgiza shi kamar mai neman fita daga kurkuku. Ana gobe za su bar gidan ta kulle kanta, ta jefar da mabuɗin ta taga, ta yayyage takardar, ta shiga rarrafe tana zagaya ɗakin. John ya shigo ya gan ta ya faɗi sumamme, ita kuwa ta ci gaba da zagayenta tana tsallake shi.

Jigo da Warwararsa

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne babu mugu a labarin. John ba ya duka, ba ya zagi. Yana ɗaukarta a hannu ya kai ta gado, yana karanta mata littafi, yana kiranta da sunayen da ake kiran yara. Duk lokacin da ta ce ba ta da lafiya sai ya yi dariya ya ce ta yi ƙiba, ta ci abinci, sauƙi ya samu. Wanda za ta kai wa ƙara kuwa, wato ɗan'uwanta, shi ma likita ne, bakinsu ɗaya da mijin. Miji da likita sun haɗu a jikin mutum ɗaya, ƙauna da iko sun cakuɗe, har matar ta riƙa zargin kanta da butulci idan ta ji haushinsa. Wannan ita ce danniyar da ta fi wuyar rubutawa, domin mai yin ta yana ganin alheri yake yi.

Haka kuma Gilman ba ta ce mijin ne ya ƙirƙiro ciwon ba. Matar ta zo gidan da cutarta. Abin da John ya yi shi ne ya ƙi yarda da abin da take faɗi game da kanta, ya toshe mata aiki da hira da rubutu, har ƙaramin ciwo ya zama babba. Shekara biyu bayan haka, a 1894, Kate Chopin ta taɓo wannan waje a labarinta "The Story of an Hour", inda matar da aka ce mijinta ya mutu a haɗarin jirgin ƙasa ta ji wani sakewa a ranta, da ya shigo da ransa ta faɗi ta mutu, likitoci suka ce murna ce ta kashe ta. A labaran biyu, likita ne ke da maganar ƙarshe a kan mace, kuma mai karatu ya san ya yi kuskure.

Salo

An zuba labarin ne a matsayin rubutun sirri da matar ke yi a ɓoye, kuma marubuciyar ba ta taɓa tsoma baki ta yi mana bayani ba. Matar ta ce ɗakin yara ne a da, shi ya sa aka sa wa tagogi ƙarfe, kuma yara ne suka gaigayi gadon. Mai karatu kuwa, da ya ga zobban ƙarfe a bango, zai fara tunanin ko an taɓa tsare wani a nan. Can gaba sai ga ta da kanta tana cizon gadon. Akwai wani dogon tabo da ya zagaye bangon daga ƙasa, wanda ta yi ta mamakin wa ya yi shi. A ƙarshe muka ga kafaɗarta ta zauna daidai a cikinsa. Da irin waɗannan ƙananan alamu aka gina haukan, ɗaya bisa ɗaya.

Duk da haka akwai inda zubin ya yi rauni. A shafin ƙarshe matar tana rarrafe, to da wane hannu take rubutun? Mai karatu yana yafe wannan saboda labarin ya riga ya kama shi, amma sabon marubuci ya sani cewa salon rubutun sirri yana da iyakarsa. Sannan tun da aka sake buga labarin a 1973, wasu manazarta ke ɗaukar ƙarshensa a matsayin nasarar mace a kan miji. Mu dai ba mu ga nasara ba ga uwar da ta rasa hankalinta, jaririnta yana wani ɗaki. Asara ce ga gidan duka, har shi John ɗin.

Kammalawa

Ba muna kiran 'yan'uwa marubuta su kwaso takardar bango su manna a labaransu ba ne. Kowane gida da abin da mace ke yini tana kallo, ko jeren kwano ne, ko labulen ƙofa, ko inuwar katanga da yamma. Wanda zai rubuta matar da hankalinta ke gushewa, ya nemo wannan abu, ya bar ta ta yi magana da bakinta, ya kuma tambayi kansa wa ta gaya wa damuwarta tun farko, da me aka amsa mata. Idan ya samu amsar wannan, zai ga bai buƙaci laya ba.