Adireshin Maɗaba'a da Matsalar Shekarun Littattafan Hausa

A Amurka masu nazari kan gano shekarun littafi ta lambar gidan waya da ke adireshin maɗaba'a, domin an fito da lambobin ne a 1963. Wannan dabara ba ta da ƙarfi a wajenmu, saboda lambobin Nijeriya sun zo a makare, kuma maɗaba'unmu sun fi sa lambar akwatin gidan waya kawai.

Duk da haka adireshin kansa shaida ne. Littafin da aka buga a Maiduguri, in ya ce Jihar Arewa maso Gabas, to tsakanin 1967 da 1976 ya fito. In ya ce Jihar Borno, daga 1976 ne zuwa sama. Farashi da sule na nuna kafin 1973, shekarar da naira ta shigo. Haka nan tambarin NNPC Zariya ba zai gabaci 1966 ba.

A nan ne muke ganin gazawar wasu jerin littattafan manhaja. Sukan ɗauki shekarar sake bugu su mai da ita shekarar wallafa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya samu ne daga gasar 1933, amma kwafin da ke hannun ɗalibi na NNPC ne, sai ya jera shi da littattafan bayan samun 'yanci, tarihin ƙagaggun labarai ya birkice masa tun daga tushe. Adireshi ranar bugu kaɗai yake faɗa. Saboda haka muna ganin ya wajaba manhaja ta riƙa kawo shekarun biyu, kowace da sunanta.