Raina Kama: Marubucin da Ya Zama Dillalin Kansa

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin soyayya irin na Kano na shekarun 1990 ya san kamanninsa. Siriri ne, takardarsa irin ta jarida, bangonsa ɗauke da zanen budurwa ta yi tagumi. Labari kuma yakan katse daidai inda zuciyar mai karatu ta hau bugawa, sai a ce masa ya nemi na biyu. Manazarta sun sha tattauna abin da ke ciki. Ni bayan bangon ne ya fi jan hankalina: hoton marubuci, adireshinsa, jerin littattafan da ya fitar da waɗanda suke nan tafe, da sunayen shagunan da za a same su. Mutum ɗaya ne ya rubuta, ya biya kuɗin ɗab'i, ya yi wa kansa talla, kuma bai nemi iznin kowa ba.

Kafin wannan zamani, ƙofa ɗaya ce. Tun gasar 1933 da Rupert East ya shirya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, hukuma ko kamfani ke zaɓen wanda za a kira marubuci. Ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da ya fito a 1980, ta hanyar gasar kamfanin NNPC na Zariya ya biyo. Sai tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta inda ciniki yake da tabbas. A daidai lokacin kuma shirin ilimin firamare na kowa da kowa na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun yaye ɗimbin masu karanta boko, mata da matasa, babu abin da za su karanta wanda ya yi kama da rayuwarsu.

Cikin wannan giɓi Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, macen da aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilimi da girmanta. Ado Ahmad Gidan Dabino, shi ma ɗan makarantar manya ne, ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin da ya zaga ƙasar Hausa har Nijar. Ƙungiyar da suka yi fice a cikinta sunanta Raina Kama. Bahaushe ya san ƙarashen karin maganar: ka ga gayya. Ban san wani suna da ya fi wannan bayyana halin mutanen nan ba. Sun san ana musu kallon marasa digiri, sai suka ɗauki rainin suka maƙala shi a bangon littafi.

Abin lura shi ne daga ina wannan yarda da kai ta samo asali. Ba daga lacca ba ce. A kasuwa aka ƙera ta. Marubuci zai ci bashi ko ya sayar da wani abu nasa, ya kai rubutu maɗaba'a, ya ɗauko ɗaurin littattafai a bayan babur ya nufi Sabon Gari ko bakin Bata. Mai shago zai ce a ajiye, in an sayar a zo a karɓi kuɗi. Bayan mako biyu ya dawo gabansa na faɗuwa. In ya tarar da ɗaurin ya ƙare, mai shago na tambayar yaushe na biyu zai fito, to daga ranar ba mai iya gaya masa cewa shi ba marubuci ba ne. Ga wasiƙun masu karatu, ga gidan rediyo ana karanta labarinsa matan aure sun kasa kunne. Shi ya sa da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta ja-in-ja a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu, marubutan ba su fasa komai ba. Hukuncin da suke jira ba daga jami'a yake zuwa ba.

Wannan makaranta ce ta yaye masu fim. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, marubuta da yawa suka mai da littattafansu fim, Gidan Dabino da Balaraba na ciki, suka taho da dabarun tallarsu: raba labari kashi-kashi, da sa tallar fim mai zuwa a farkon kaset. Mujallu suka biyo baya, Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, inda sunan Kannywood ya fara bayyana, da Fim ta Ibrahim Sheme a 1999. A nan aka samu sabuwar sana'a, ta wanda ba ya rubutu ba ya wasa, aikinsa ya sa a san ɗan wasa, a yi marmarin ganinsa.

To amma a fim ne aka ga iyakar wannan bugun ƙirji. Tsarin da aka bi a kasuwar Ƙofar Wambai abin mamaki ne ga baƙo: furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake bugawa. Ya ba 'yan kasuwa uwar kaset, su sayi kwalayen a hannunsa, su kwafi fim ɗin da kansu su zura a ciki. Ribarsa tana kan yawan kwalin da ya shiga. Ke nan wanda ya kashe kuɗi ya sha rana a wurin ɗauka, ƙarshe ɗan kasuwa ke faɗa masa irin fim ɗin da zai tafi: a sa wane da wance, a ƙara waƙa. Bayan fim ɗin Sangaya ya yi kasuwa, kowa ya koma rawa da waƙa. An guje wa editan Zariya, an faɗa hannun mai shago, wanda shi ba ruwansa da kyan labari sai saurin ƙarewar kaya.

Akwai kuma asarar da ba a cika faɗa ba. Wanda ya zama marubuci da mawallafi da dillali a lokaci guda ba shi da mai ce masa gyara nan. Shi ya sa ake samun littafi mai labari kamar ya yi magana, amma ƙa'idar rubutu a watse, "ɗa" da "da" duk ɗaya, babi guda an maimaita shi don a cika na uku. Kuma da guguwa ta taso a 2007, aka ƙona littattafai a Kano, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta matsa, kowane marubuci da ƙafarsa ya tsaya ko ƙungiyarsa, babu wani babban kamfani a bayansa. Abin ban takaici, sai da wani kamfanin Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kwikwiyo Ne a 2012 kafin wasu 'yan bokonmu su yarda Balaraba marubuciya ce.

Yau kaset ya mutu, shagunan littafi sun ragu, amma dabarar tana nan daram, ta sauya riga ne kawai. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, labari ya kai inda kishiya ta shigo gida, sai ta dakata: mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki, ya nuna shaidar biya, a sa shi a zauren masu biya. Littafi na biyu ke nan, ba takarda. Masu fim su ma sun koma YouTube da dogon zango irin su Izzar So, kowane mako a yanke a inda ya fi daɗi. Marubuciyar kuwa, ita ce ke tsara hoton bango a wayarta, ita ke amsa saƙonni har tsakar dare, ita ke rigima da wadda ta biya sau ɗaya ta kwashe littafin ta watsa a zaure goma. Wani lokaci ma sai ta ji ana karanta labarinta da muryar wani ƙato a YouTube, an sauya masa suna, tallace-tallace na shiga aljihun da ba nata ba.