Tsokaci a Kan Manufar Wutar Lantarki ta Ƙasar Nepal

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu auna wani ra'ayi da ya yaɗu, watau cewa ƙasar Nepal ta rabu da ƙarancin wutar lantarki tun shekarar 2018. A ganinmu wannan magana tana da gyara.

Babu shakka an yi abin yabo. Kafin 2016, mutanen Katmandu kan yi har awa 18 a rana babu wuta a lokacin rani. Da aka naɗa Kulman Ghising shugaban hukumar lantarki a wannan shekara, sai ya sake tsarin rabo, ya rage gatan da manyan masana'antu suke da shi, aka kuma ƙara sayo wuta daga Indiya. Ya zuwa 2018 an daina ɗauke wuta bisa jadawali.

To, amma abin lura shi ne, yawancin tashoshin ƙasar da gudun kogi suke aiki, ba su da tafkin ajiya. Kulekhani, wadda ta fara aiki a 1982, ita ce fitacciyar madatsa mai tara ruwa. Saboda haka da damina wuta kan yi yawa, har an fara sayar wa Indiya a 2021, shekarar da tashar Upper Tamakoshi mai megawat 456 ta soma aiki. Da hunturu kuwa, in koguna sun ja baya, sai a koma sayowa daga Indiyar. Wannan fa halin manomin da ba shi da rumbu ne: ya sayar da kaka, ya saya da bazara. Rufewar iyaka a 2015, wadda ta jawo ƙarancin mai, ta nuna haɗarin dogara ga maƙwabci guda.

Ba mu manta da hujjar masu tsoron manyan madatsu ba: suna da tsada, suna tayar da ƙauyuka, ga kuma girgizar ƙasa irin ta 2015. Amma wannan dalili ne na zaɓen wuri da natsuwa, da haɗa tafki da wutar hasken rana, wadda ta fi samuwa lokacin da ruwa ya yi ƙasa.

A taƙaice, gyaran rabo ya kawo sauƙi, amma muddin ba a tanadi ruwan damina domin rani ba, da sauran aiki.