Allura da Abin Tsoro: Nazari a kan Zanen Ɗinkin Hannu a Ƙasar Gumel

A Amurka da Ingila, idan ran 31 ga Oktoba ta gabato, watau bikin Halowin, mata su kan ɗinka surar jemage da mujiya da saƙar gizo da kabewa mai baki a kan ƙyalle, ba tare da ƙirga zare ba, sai dai inda allura ta nufa. Manufarsu su mai da abin tsoro abin wasa. Yanzu irin waɗannan zane-zane suna isowa hannun malamai masu koyar da aikin hannu, saboda haka ya kamata a auna su da namu.

Wanda ya duba riguna da huluna a kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko ya kalli hawan salla a Gumel, ba zai ga dodo ko fatalwa a ƙirjin kowa ba. Abin da zai gani shi ne aska biyu, da aska takwas, da tambari, da gidan biyar. Wannan ba ƙarancin gwaninta ba ne. Maɗinkin Hausa bai saba zana abin da a ke tsoro ba, sai makarinsa. David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin Hausa a Zariya, ya rubuta maƙala a 1974 kan wata rigar layu, kuma masana da dama suna danganta gidan biyar da hatimin da malamai ke zanawa don tsari. Ko da ya ke ba kowane maɗinki ke ɗinki da wannan niyya ba, siffar ta ɗauko ma'anarta tun asali.

Ta nan ne zanen baƙi ke tuntuɓe. Gizo a wurin Bahaushe mijin Ƙoƙi ne, mai wayon tatsuniya, yara dariya su ke yi masa. Kabewa kuwa ta miyar taushe ce. Mujiya kaɗai ke ɗauke da camfi, shi ya sa da wuya a sami mai yarda ya rataya surarta a ɗaki. Ɗalibar da aka sa ta kwaikwayi waɗannan za ta gwanance da allura, amma zanen ba zai ce mata kome ba.

Duk da haka akwai abin koyi. Ɗinkin babbar riga ya kan bi layin da mai zane ya shata, maɗinki ya cike kawai, kuma keken ɗinki ya ƙara ƙuntata wannan. Sakin hannun da ke cikin ɗinkin Halowin shi ne abin ɗauka, ba surorinsa ba. Malamin da ke son ɗinkin da ya dace da lokaci yana da tashen watan azumi da tatsuniyoyin dodo a gabansa. Daga nan ya kamata ɗalibai su fara zane.