ALHAJI, WA YA KORO KA?

Ni tela ne, yau shekara 22 ke nan ina zaune gaban keken ɗinki, kuma in akwai abin da tela ya sani wanda likita ma sai ya tambaya, to ƙugun maza ne. Ina da wani tsohon littafin awo a shago. In na buɗe shi sai in ga mutum ɗaya, shekarar da ya yi aure ƙugunsa inci 32, ya samu aiki ya koma 36, ya sayi mota ya koma 40, kafin ka ce kwabo ya kai 44. Daga nan sai ya ce, "Malam, a bar kaftanin nan haka, a riƙa yi mini babbar riga." Babbar riga kuwa uwar rufin asiri ce. Sunaye da yawa a littafin nan masu su sun riga mu gidan gaskiya, wasu ko hamsin ba su cika ba, kuma abin da akan ce a wurin zaman makoki shi ne, "Wallahi lafiyarsa ƙalau, faɗuwa kawai ya yi a banɗaki."

Abin kunyar shi ne, na auna kowa a Unguwar Mu'azu ban taɓa auna kaina ba. Sai a shekarar 2022 da jiri ya ɗebe ni a shago aka kwashe ni zuwa asibiti. Aka gwada jini aka samu 160 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake cewa ya hau. Na hau sikeli ya nuna kilo 104. Likita ya ce da ni ƙugun namiji in ya wuce inci 40, na mace kuma 35, to mai shi ya matso kusa da hawan jini da ciwon suga. Da na koma gida na ɗauki tef ɗina na zagaya cikina a ɓoye, sai ga 45. Ya ba ni magani, ya ce kuma lallai in riƙa motsa jiki. A daren nan babban ɗana ya karɓi wayata ya sa mini wani tsarin koyon gudu da ake kira Couch to 5K, wato daga kan kujera zuwa kilomita 5.

To a kan wannan tsari nake son in yi ɗan sharhi, domin na lura yara sun ɗauke shi kamar laya, suna ta tura wa iyayensu masu teɓa ba tare da sun san abin da ke ciki ba. Ni kuwa na bi shi da ƙafata da gwiwata, saboda haka ina da bakin magana.

Wani mutumin Amurka mai suna Josh Clark ne ya tsara shi a 1996, domin ya taimaki mahaifiyarsa ta fara gudu, daga baya hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauka tana yaɗawa. Mako 9 ne, fita uku a kowane mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko za ka yi tafiya da sauri ta minti 5, sannan ka yi sassarfa minti 1, ka taka minti 1 da rabi, ka yi ta maimaitawa har minti 20. Haka za a yi ta ƙara maka gudun ana rage tafiyar, har a mako na 9 ka yi minti 30 ba tsayawa.

Gaskiya ɗaya ce, wanda ya tsara abin nan ya san halin ɗan Adam. Ya san abin da ke kashe wa mai farawa gwiwa shi ne zumuɗin ranar farko. Mu nan in mutum ya ce zai fara motsa jiki, sai ya fita da asuba ya zuba gudu kamar ɓarawon da aka biyo, ya dawo yana haki, ya kwana uku ba ya iya tsuguno, shi ke nan an gama. Wani ma har rigar leda yake sawa ciki wai kitse ya narke, alhali gumi ruwa ne kawai, yana shan moɗa biyu ya dawo. Shi kuwa tsarin nan cewa ya yi minti ɗaya tak, kuma ya halatta maka ka taka ba tare da jin kunya ba. Hutun da ya sa a tsakani ma hikima ce, domin huhu da zuciya sun fi jijiya da ƙashi saurin sabawa. Hausawa sun riga shi faɗa: sannu ba ta hana zuwa. A nan kam na sara masa.

Amma fa akwai gyara, kuma ba kaɗan ba.

Na farko, sunan ya yi alkawarin da ba lallai ya cika ba. Lissafi ne mai sauƙi: kafin ka ci kilomita 5 cikin minti 30, sai ka riƙa cin kowace kilomita a minti 6. Wane mai kilo ɗari ne zai yi wannan bayan wata biyu? Ni ranar da na cika minti 30 ɗina, da yaro ya duba wayar, kilomita 3 da rabi na yi. Saura kaɗan in yi zuciya in bari, don na ɗauka na faɗi jarrabawa, ashe sunan ne ya yi ƙarin gishiri.

Na biyu, matakalar ba daidai take ba. A mako na 5, ranar farko gudun minti 5 ne sau uku, rana ta biyu minti 8 sau biyu, rana ta uku kuma kwatsam sai a ce minti 20 a jere. Haba! Daga 8 sai 20? Ko farashin shadda ba ya irin wannan tashi. Bugu da ƙari, ko matakin farkon ma ya yi wa mai nauyi tsawo. Duk sawun da mai gudu ya sauke, ƙafarsa na ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Kai mai karatu ka lissafa wa mai kilo 104. Ni dai a rana ta uku ƙwaurina ya ɗauki zogi kamar an buga mini taɓarya, dole na ajiye tsarin na yi wata guda ina tafiya zalla, sannan na dawo. Mako 9 ɗin nan sai da ya ci mini wata biyar, don wani makon sau uku na maimaita shi. Shawarata ga mai ƙiba: ka ga likita tukuna, ka fara da tafiya, ka sayi kambas mai taushin ƙasa ko na gwanjo ne a Kasuwar Barci, kuma duk sa'ad da ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri, ka tsaya, ba jarumtaka ba ce.

Na uku, tsarin ya koya maka gudu amma bai bi ka teburin mai shayi ba. Mai nauyi irina in ya yi kilomita 3, abin da ya ƙona bai wuce kalori 300 da 'yan kai ba, alhali lemon kwalba ɗaya na roba ya kai 200. To ina ga wanda ya dawo ya ce a haɗa masa shayi mai kauri, da burodi, da Indomie biyu da ƙwai uku, wai ya sha wahala? Na yi wannan wautar wata biyu cur, tef bai motsa ko rabin inci ba, sai da uwargida ta ce, "Malam, gudun nan naka na neman cin abinci ne ko na neman lafiya?"

Na huɗu, kuma shi ne babba, wanda ya rubuta tsarin nan bai san unguwarmu ba. Shi a ransa kana fita ƙofa ga hanya shimfiɗe, kowa na harkar gabansa. Bai san lungu da kwata ba. Bai san titin Nnamdi Azikiwe da muke kira Baifas ba, inda tirela ke wucewa ta bar ka da hayaƙi. Bai san ƙurar hunturu ba, bai san watan azumi ba, wanda dole ka mai da fitarka bayan an sha ruwa. Uwa uba, bai san cewa a Kaduna magidanci ba ya gudu a banza ba. Garin da ya ga 2000, ya ga 2002, ya ga 2011, in aka hangi ƙato a guje da duku-duku, ba lafiyar jiki ce ke fara zuwa ran mutane ba. Ranar da na fara, wata mai ƙosai ta miƙe tsaye ta riƙe ɗanta tana cewa, "Alhaji lafiya? Me ya faru?" Wani dattijo mai gadi ya ɗaga gora ya ce, "Alhaji, wa ya koro ka?" Da gari ya waye kuma yara suka bi ni suna "Baba a yi a hankali kar ta faɗo!" Wallahi zogin ƙwauri bai kai wannan ciwo ba.

A nan ne sukar ta bar Bature ta dawo kanmu. Mu ne muka mai da tumbi shaidar arziki, in mutum ya rame mu ce ko bashi ke bin sa, in ya yi ƙiba mu ce hutu ya karɓe shi. Mu ne muka ɗauka girma shi ne zama, a kawo maka ruwa, a ɗauko maka takalmi, ko masallacin bayan gida sai a mashin. A watan Nuwamba na 2020 da aka yi gasar gudun fanfalaki a Kaduna, mutanen Kenya suka lashe tseren kilomita 21, mun tsaya bakin titi muna tafa wa baƙi. Amma maƙwabcinka ya fito yana fafutukar ceton ransa, sai ya zama abin nishaɗin majalisa. In ya faɗi kuma mu ne kan gaba wajen ɗaukar makara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mata. Ka tuna fa domin uwa aka tsara abin nan tun asali, ga shi iyayenmu mata ne suka fi kowa nisa da shi. A da daka da surfe da ɗiban ruwa sun ishe su motsa jiki, yanzu inji ya karɓe, ba mu kuma ba su wani abu a madadinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma ba ta ce sai gudu ba. Minti 30 ke nan sau biyar. Zagayen tsakar gida da sauri ya shiga lissafi, zuwa unguwa a ƙafa maimakon Keke Napep ya shiga. Maigidan da ya san haka ya yi shiru, ya ci amanar gidansa.

A taƙaice dai, hukuncina a kan tsarin nan shi ne: yadi ne mai kyau, amma ba a jikinmu aka auna shi ba. Kowane tela ya san rigar kanti sai an rage nan an ƙara can. Ka ɗauki hikimarsa ta farawa da kaɗan, ka watsar da ƙidayar makonninsa, ka kama bakinka wajen ci, sannan ka nemi abokin fita, don mutum biyu a guje motsa jiki ne, mutum ɗaya kuwa abin tambaya ne. In kana jin nauyin idon unguwa, ka leƙa Dandalin Murtala ranar Asabar da safe, za ka ga waɗanda suka fi ka tumbi suna ta fama, ba mai kallon wani.

Ni yanzu mu huɗu ne muke fita bayan sallar asuba, kuma ɗaya daga ciki yana cikin masu yi mini dariya a majalisa, sai da shi ma jiri ya gaishe shi. Har yau ban daina shan maganina ba, kuma har yau ban zama siriri ba. Amma na buɗe sabon shafi a littafin awo na rubuta sunana, a gabansa 45, na soke, 43, na soke, yanzu 41. Shi ne shafi ɗaya tilo a littafin da lamba ke yin ƙasa.

Dattijon nan mai gadi kuwa har yanzu in na wuce sai ya ce, "Alhaji, wa ya koro ka?" Ni kuma in ce, "Baba, abin da ya koro ni yana bayan kowa, ni dai na waiwaya ne na gan shi."

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalam.