Tsohon Mawaƙi a Gaban Kyamara: Daga Duvall Zuwa Bridges

Wata tsohuwar mota ta ja birki a garin Pueblo na jihar Colorado. Ƙaton mutum mai furfura ya fito, bel ɗin wando a kwance, ya juye jarkar da ya yi ta fitsari a cikinta tun daga hanya. Haka fim ɗin Crazy Heart na 2009 ya gabatar da Bad Blake, mawaƙin kantiri ɗan shekara 57, wanda a da yake cika manyan zauruka, yanzu kuma sai ƙananan mashaya. Bai buɗe baki ba tukuna, amma Jeff Bridges, wanda ya fito a matsayinsa, ya riga ya faɗi rabin labarin da tafiyarsa kaɗai.

Kiɗan kantiri, wanda masu sauraron rediyo a Najeriya suka sani ta bakin Don Williams da Kenny Rogers, waƙa ce ta talakawan karkarar kudancin Amurka: giya, saki, doguwar hanya, nadama. Shi ya sa masu fim suke yawan komawa kan mawaƙin da zamani ya juya wa baya. Clint Eastwood ya taɓa gwadawa a Honkytonk Man na 1982, inda ya fito a mawaƙi mai tarin fuka da ke fafutukar isa Nashville, cibiyar kiɗan kantiri. Amma wanda ya kafa ma'aunin shi ne Robert Duvall, a Tender Mercies na 1983.

Duvall ya fito a Mac Sledge, mawaƙin da giya ta kayar, ya farka a wani ɗan masauki a Texas ba ko sisi, ya roƙi matar da ke da wurin ta bar shi ya biya da aikin ƙarfi. Kafin a fara ɗauka, Duvall ya zagaya ƙauyukan jihar yana sauraron yadda mutane ke lanƙwasa harshe, kuma shi ya rera waƙoƙin da muryarsa. Gwanintarsa tana cikin abin da ya ƙi yi. Ba ihu, ba tangaɗi, ba hawayen neman tausayi. Bayan 'yarsa ta rasu a hatsarin mota, sai ga shi a lambu yana noma, yana gaya wa mai masaukin, wadda ta zama matarsa, cewa shi bai taɓa amincewa da farin ciki ba. Darakta Bruce Beresford ya ajiye kyamara can nesa, ko fuskarsa ba a gani sosai. Kafaɗunsa da fartanyar hannunsa ne suka ɗauki makokin. Wannan rawa ta ba shi kyautar Oscar ta gwarzon jarumi.

Bridges ya bi wata hanyar daban. Mac Sledge mutum ne mai kame kai, Bad Blake kuwa a warwatse yake: gumi, taba, tumbi a waje, numfashi sama-sama. Akwai inda ya bar makaɗa a tsakiyar waƙa ya fita ya yi amai a kwandon shara, ya tsamo tabaransa daga ciki, ya dawo ya ƙarasa. Da wani jarumin ne, da sai ya mai da wurin abin dariya. Bridges ya yi shi kamar aikin da mutumin ya saba yi kullum, kuma wannan sabon ne yake sosa zuciya. Da ya riƙe jita kuwa, sai a ga wani mutum dabam, a gane dalilin da ya sa mutane suka taɓa ƙaunarsa. An ce sai da ya tabbatar mai shirya kiɗa T Bone Burnett zai kula da kiɗan kafin ya karɓi aikin. A 2010, karo na biyar da aka sa sunansa a takara, ya ɗauki Oscar.

Sai dai Crazy Heart, fim ɗin darakta Scott Cooper, yana da rauni. Soyayyar Blake da 'yar jarida Jean tana da wuyar gaskatawa a rubuce, Maggie Gyllenhaal ce ta cece ta. A idonta ana ganin uwa da ta san tana kuskure, kuma ranar da Blake ya ɓatar da ɗanta ɗan shekara huɗu a Houston saboda ya tsaya shan giya, fushinta ba na wasa ba ne. Colin Farrell, ɗan ƙasar Ireland, ya fito a Tommy Sweet, yaron gidan da ya fi maigida suna. Ana zaton butulu za a gani, sai ga mutum mai sunkuyar da kai gaban wanda ya koya masa sana'a.

Duvall da kansa yana cikin Crazy Heart, yana kuma cikin furodusoshinsa. Shi ne Wayne, mai mashaya da ya daina sha, aminin da ya kai Blake wurin jinyar barin giya. Akwai inda su biyu suke zaune a kwale-kwale suna kamun kifi, Duvall ya ɗauko wata waƙar Billy Joe Shaver yana rerawa ba kiɗa, da murya ta tsufa, Bridges kuma ya yi shiru yana sauraro.